Na je Ngaundare da bishiya, na dawo da tsinke

Mun bar Garwa, a arewacin Kamaru, bayan asuba, muka tsallaka gadar Binuwai gari bai gama wayewa ba. Kilomita kusan 280 ne zuwa Ngaundare amma da tsaye-tsayen jandarmomi da lodin fasinja a Ngong sai da muka taɓa azahar, ni kuma duk tsawon hanyar ina rungume da kaskon 'yar bishiyata a cinya kamar mai goyo. Wajen falez, hawan dutsen nan kafin a kai Ngaundare, motar ta dinga nishi tana hawa, muna kaiwa sama iska ta canja, ni da na fito da riga shara-shara har da jan gilashi.

Wurin wani abokin marigayi babana na je, tsohon mai lambu ne, yanzu ba shi da aiki sai bonsai, abin nan na mutanen Japan da ake rainon bishiyar gaske a faranti, su ma daga Sin suka koyo. Bayan ɗakinsa akwai wata tsamiya ko gwiwata ba ta kai ba amma jikinta duk ya tsattsage irin na tsohuwar tsamiyar bakin kasuwa, wallahi na daɗe a tsugune ina kallonta.

Na miƙa masa 'yar cediyata mai wata takwas ina jiran yabo. Ya juya ta ya juya, ya ce "Ɗana, ka yi gaggawa, kasko ba ya sa kauri." Wai sai an bar ta a ƙasa ko babbar roba shekara biyu zuwa uku, a ƙyale reshe ɗaya ya yi ta haukarsa yana ƙara wa gindi ƙiba, in gindin ya yi yadda ake so sai a sare reshen. Na ce Baba to ai ni ƙarama nake so, ya ce ya sani.

Kafin in ƙara magana ya zare ta, ya kakkaɓe ƙasar, ya datse doguwar saiwar tsakiya da almakashi, ƙit! har cikin ƙirjina na ji. Ya sa fasasshen tayil a ƙarƙashi don sauran saiwoyin su bazu gefe, ya cika robar da yashi mai tsakuwa da ɗan taki. Rassan da suka gitta wa juna ya cire, mai ganye shida ya mai da shi biyu. Sai waya, ta alminiyo da ya ɓare daga tsohon kebul, ya nannaɗa a karkace ya lanƙwasa jikin a hankali, ya ce in riƙa dubawa duk sati don cediya da damina saurin ƙiba gare ta, in wayar ta nutse tabon zai daɗe. Itacen kariya kuwa ya ce in na yanka in wanke hannu, ruwanta dafi ne.

A dawowa yaron mota ya dage sai dai a ɗaure robar a sama tare da buhunan doya, da kyar na rarrashe shi, wata hajiya a gefena tana ta tambaya ko magani ne. Zafin Garwa ya tarbe mu tun daga Ngong, don haka na ajiye ta inuwar bayan kicin na zagaye da karan dawa saboda awakin Inna. Kwana goma sha ɗaya ba motsi, yau da safe na ga 'yan toho uku a ƙasan inda ya yanke.