Hukuncin likitan ostiyofati na bogi a Florida da Ingila

Jihar Florida ta Amurka ta keɓe babi guda a kundin dokokinta, babi na 459, domin likitancin ostiyofati kaɗai, wato salon likitanci da ya faro daga gyaran ƙashi da gaɓoɓi da hannu, kuma a cikinsa ta zayyana laifukan da kan kai mutum gidan yari. Duk wanda ya duba marasa lafiya da sunan wannan sana'a alhali ba shi da lasisi mai aiki, ko ma ya yi yunƙurin yin hakan, ya aikata babban laifi na mataki na uku, wanda hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 5 da tarar dala 5,000. Hukuncin bai bar wanda ya sami lasisin ta hanyar ƙarya ba, haka kuma wanda ya karɓi aiki a asibiti bayan ya shara ƙarya game da karatunsa ko gogewarsa. Wata dokar jihar da ta shafi dukan ma'aikatan lafiya ta ƙara tsananta lamarin, domin ta sa shekara 1 a matsayin mafi ƙarancin ɗauri, idan kuwa majinyaci ya ji mummunan rauni, laifin ya koma mataki na biyu, wanda kan kai shekara 15.

Dalilin wannan tsanani yana cikin tarihin sana'ar. Andrew Taylor Still ne ya buɗe makarantarta ta farko a Kirksville da ke jihar Missouri a 1892, bisa ra'ayin cewa gyaran ƙashi da gaɓoɓi da hannu yana warkar da cututtuka da dama. Tun daga lokacin abin ya sauya ƙwarai, har ta kai a yau mai digirin likitancin ostiyofati (DO) a Amurka cikakken likita ne, yana rubuta magani, yana tiyata, yana karɓar haihuwa. Saboda haka wanda ya yi sojan gona da wannan suna, rigar likita ce sukutum ya sata.

A Birtaniya labarin daban ne. Can likitan ostiyofati ba ya rubuta magani kuma ba ya tiyata. Aikinsa ya tsaya ga hannu, galibi kan ciwon baya da wuya da gaɓoɓi. Dokar da majalisar ƙasar ta zartar a 1993 ta kafa hukumar da ke yi musu rajista, kuma sashe na 32 ya haramta wa kowa kiran kansa da sunan sana'ar matuƙar ba ya cikin rajistar. Hukuncin tara ce kawai, babu ɗauri, ko da yake tun 2015 an cire wa tarar iyaka a Ingila da Wales, bayan a da ba ta wuce fam 5,000.

A ganina nan ne dokar Birtaniya ta bar ƙofa a buɗe, domin sunan ta tsare, ba ta tsare aikin ba. Mutumin da aka soke wa rajista saboda sakaci yana iya sauya allon ƙofarsa, ya kira kansa mai tausa ko mai gyaran baya, ya ci gaba da murɗa wuyan jama'a ba tare da ya taka wannan sashe ba. Haɗarin kuwa ba na wasa ba ne. Murɗa wuya da ƙarfi, ko da yake ba kasafai ba, yakan tsaga jijiyar jini mai zuwa ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya fi damuna ma shi ne wanda ba a gani: ciwon baya wani lokaci alama ce ta sankara ko ƙwayar cuta a ƙashin baya, kuma wanda bai yi karatu ba zai yi ta tausa wata da watanni cutar tana cin jiki.

Masu gabatar da ƙara a Ingila suna da wata hanyar idan kuɗi ya shiga tsakani. Wanda ya karɓi kuɗin majinyaci bisa takardar shaidar da ba shi da ita ana iya gurfanar da shi ƙarƙashin dokar zamba ta 2006, wadda hukuncinta kan kai ɗaurin shekara 10, sai dai dole a tabbatar wa kotu cewa da gangan ya yi ƙaryar domin ya ci riba.