Wanda aka ɗauke a hanyar gudu: abin da dangi za su yi

Idan 'yan bindiga suka shiga gari suka kora mutane daji, ana iya ƙirga waɗanda aka tafi da su, domin akwai waɗanda suka gani. Wanda aka tare a hanya yana gudun tsira, shi ne ke ɓacewa babu labari. Ƙauye ya watse, wasu sun nufi Anka, wasu Gusau, wasu sun tsallaka Danko-Wasagu ta jihar Kebbi, kowa yana zaton ɗan'uwansa yana tare da ɗaya ayarin. Sai an yi kwanaki a gane babu shi ko'ina.

Saboda haka da an sauka, a fara da ƙirga kai, gida-gida, a gaban mai unguwa ko dagaci. Duk wanda ba a gani ba a rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa, shekarunsa, kayan da ke jikinsa, tabo ko zanen fuska, lambar wayarsa, da inda aka yi masa ganin ƙarshe: wace mashiga, wane rafi, da safe ko da la'asar. A rubuta sunan wanda ya gan shi. Mutane na raina wannan, amma bayan wata guda shaidun sun watse, kuma mai cewa Talata ce zai koma cewa Alhamis.

A zaɓi mutum ɗaya mai sanyin rai ya riƙe waya, ya bar ta da caji, kada ya sauya layi. Inda ake yin kuskure shi ne a baza hoto da lamba a Facebook. Daga nan 'yan damfara ke ɗauka su kira, su ce mutum yana hannunsu, a turo kuɗin abinci da katin waya. Duk wanda ya kira, a nemi jin murya. In ya ƙi, a ba shi tambayar da wanda ya ɓata kaɗai ya san amsarta, kamar sunan da kakarsa ke kiransa da shi. A rubuta lamba da ranar kowane kira. Shiru kuma ba shaidar mutuwa ba ce: dabobi da yawa ba su da sabis, kuma a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya.

Rahoton 'yan sanda dole ne, ko da zuciya ta ce ba abin da za su yi, domin takardar ce kotu za ta nema daga baya. A karɓi kwafi.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Ba kowane ɓatacce ne ke hannun 'yan daji ba. Mai gudu da daddare, musamman baƙon fuska ko Bafulatani, yana iya faɗawa hannun 'yan sa-kai ko jami'an tsaro a zaci infoma ne. A duba ofisoshin 'yan sanda, gidan yari da asibitoci. In an tsare shi ana musun haka, a kai ƙorafi a rubuce ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Tun 2009 Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta haramta irin wannan ɓatar da mutane. Ƙungiyar Red Cross ma tana da sashen haɗa iyalan da suka rabu, kyauta, kuma ta yi rajistar ɓatattu sama da 20,000 a ƙasar nan, akasarinsu daga Arewa maso Gabas.

Duk wanda aka sako ko ya kuɓuta, a bar shi ya huta tukuna, sannan a nuna masa hoto a keɓe. Su ne suka san wanda aka mayar wata daba da wanda ya rasu a tsare.

In abin ya yi tsawo, kada dangi su yanke hukunci da kansu. A dokar shaida ta 2011, sai an shekara 7 babu labari kotu ke ɗaukar mutum ya mutu. A mazhabar Malikiyya kuwa, matar wanda ya ɓata takan jira shekara 4 sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10, kuma lissafin yana farawa ne bayan an kai maganar gaban alƙali ya bincika, ba daga ranar ɓatan ba. In babu abin ciyar da ita, tana da damar neman a raba auren kafin nan. Gonarsa da dabbobinsa ba a raba su gado sai alƙali ya yi hukunci.