Dala 35 da kantin maganina a Bronx

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wata Hajiya 'yar Zangon Kumasi ta shigo kantina da jikanta, yaron yana numfashi kamar ana busa sarewa a ƙirjinsa. Ta zaro inhela, wato maganin asma na fesawa a baki, daga jaka ta ce min, Alhaji wannan abin fa ba ya aiki, kullum sai mun fesa amma shiru. Na ce Hajiya bari ya fesa a gabana in gani. Yaro ya danna, ya buɗe baki, maganin ya fito kamar hayaƙi ya bi iska. Rabin kuɗinta kenan a sama.

Wannan shi ne aikin da nake taƙama da shi, ba miƙa kwali a karɓi kuɗi ba. Na zaunar da shi, na ce ya girgiza abin sosai, ya fitar da numfashi duka, ya rufe leɓe a bakin, ya danna daidai lokacin da ya fara jan iska a hankali, ya riƙe ya ƙirga goma. Na jona masa bututun roba da ake sa wa yara don maganin ya tsaya a ciki kafin su shaƙa. Sai da muka yi sau huɗu ya iya. Na kuma nuna wa Hajiya bambancin na gaggawa da na kullum, kuma na kullum ɗin nan mai sitiroid dole a kurkure baki bayansa in ba haka ba baki ya yi fari. Wajen kawuna na koyi wannan haƙurin, a kemis ɗinsa na Zariya, lokacin hunturu in hazo ya sauko masu asma layi suke yi tun asuba, shi kuma ba ya barin kowa ya fita sai ya fesa a gabansa. Ina yaro ina ganin ɓata lokaci ne, yanzu haka nake yi wa duk wanda ya shigo min, kuma Bronx ɗin nan ta birnin New York tana cikin inda asma ta fi yawa a Amurka, musamman unguwannin Mott Haven da Hunts Point inda manyan motoci ke wucewa dare da rana.

To amma fa kafin a kai ga fesawa sai an iya saya, nan ne zuciyata take ƙuna. Ina ma'aikaci a wani kanti a ƙarshen 2008 aka hana tsofaffin inhela masu iskar CFC saboda tana lalata sararin samaniya, masu arha suka ɓace gaba ɗaya, sababbi suka zo da sabon haƙƙin mallaka da sabon farashi, maganin ciki kuwa shi ne dai albuterol ɗin da muke kira salbutamol a gida. Daga nan abin bai sake sauka yadda yake ba.

Mutanenmu suna tambaya ta me ya sa gwamnati ba za ta yanka farashi kawai ba. Ai a nan kamun ƙafa a majalisa sana'a ce mai rajista, akwai doka kanta tun 1995, kuma kamfanonin magani ne kan gaba, suna kashe sama da dala miliyan 300 a shekara, ban da gudummawar kamfen da suke zuba wa 'yan Democrat da 'yan Republican duka. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Shi ya sa ko dokar 2022 da ta tsayar da insulin a dala 35 ga masu Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, sai da aka kai ruwa rana, kuma ba ta yi wa inhela irin wannan iyakar ba.

Abin da ya motsa su shi ne matsin lamba. A Nuwamban 2023 hukumar FTC mai sa ido kan gasar kasuwanci ta ƙalubalanci haƙƙin mallaka sama da 100 da kamfanonin magani suka jera, har da na inhela. A Janairun 2024 kwamitin lafiya na majalisar dattawa ƙarƙashin Bernie Sanders ya buɗe bincike kan AstraZeneca da Boehringer Ingelheim da GSK da Teva, suka nuna inhelar Combivent dala 489 a Amurka, a Faransa dala 7. A watan Maris kamfanoni ukun farko suka sanar ba za a biya fiye da dala 35 a wata kan inhelarsu ba. Na yi murna wallahi, amma ku gane, alkawarin kamfani ne ba doka ba, kuma masu Medicare da Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ba sa ciki. Jihohi irin su Illinois su ne suka mayar da shi doka, ita Illinois dala 25 ta sa a 2024.

Mu masu ƙananan kantunan magani kuma dillalan da ke tsakaninmu da kamfanonin inshora sun ishe mu. Yau su ce wannan inhela suke biya, wata mai zuwa su cire shi, in wuni a waya ina neman likita ya canza takarda, wani lokaci abin da za su biya ni bai kai abin da na sayo ba. Ga masu sa a taho musu da shi daga gida a cikin akwati, ya sha zafin hanya, wani ma jabu ne, kwali kamar gaske amma in ka girgiza ka ji ba haka ba. Don Allah ku daina.

Ita Hajiya na duba inshorar ɗanta ta wajen aiki ce, na sa mata katin rangwamen kamfanin a kwamfuta, na kullum ɗin ya dawo dala 35. Na ce ta dawo da yaron bayan sati biyu da inhelar a hannu, zai sake fesawa a gabana.