Tsawon Layi Ba Shi Ne Farin Jini Ba: Harry Potter, Star Wars da Avatar a Wuraren Shaƙatawa na Orlando

A birnin Orlando da ke jihar Fulorida ta Amurka ne manyan kamfanonin nishaɗi guda biyu, Disney da Universal, suke gogayya da juna a kan 'yan yawon buɗe ido, kuma tsakanin filayensu bai wuce tafiyar kamar minti ashirin a mota ba. Kowannensu ya ɗauki wani shahararren labarin almara ya gina masa unguwa guda, da tituna da shaguna da abubuwan hawa, yadda mai ziyara zai ji kamar ya shiga cikin fim ɗin da ƙafarsa. Universal ya riƙe Harry Potter, wanda ya buɗe sashensa na farko a watan Yunin 2010. Disney kuwa ya mayar da martani da Pandora, wato duniyar fim ɗin Avatar, a watan Mayun 2017, sannan ya biyo da Galaxy's Edge na Star Wars a 2019. A gidana gardamar wanda ya fi farin jini ta daɗe tsakanin 'yata, wadda ta karanta littattafan Harry Potter guda bakwai, da ɗana, wanda ba ya jin kira idan ana nuna Star Wars. Da yake aikina na lissafi ne, sai na ƙudurta cewa idan muka je hutu can zan auna lamarin da kaina, maimakon in bar shi a hannun mai ƙarfin murya.

Ma'aunin da ya fi sauƙin samu shi ne tsawon layi. Kamfanonin biyu suna da manhajar waya da ke nuna mintunan da mutum zai jira kafin ya hau kowane abin hawa, kuma ana iya duba na wani fili alhali ana tsaye a wani. Na ware ɗan littafi ina rubuta waɗannan mintuna da hantsi da azahar da kuma bayan la'asar. Abin da ya fito ya ba da mamaki. Flight of Passage na Avatar, da Rise of the Resistance na Star Wars, da jirgin babura na Hagrid a ɓangaren Harry Potter, dukkansu suna haura awa guda, wani lokaci su doshi biyu. Amma Forbidden Journey, wanda yake cikin katafaren ginin makarantar Hogwarts, wato zuciyar labarin Harry Potter gaba ɗaya, sau da yawa layinsa bai kai rabin nasu ba. Idan da layi ne alƙali, sai a ce mutane sun fi ƙaunar Avatar a kan Hogwarts, kuma duk wanda ya taka wuraren biyu ya san ba haka abin yake ba.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera injinan. A Forbidden Journey mutum huɗu ne suke zama a benci ɗaya da ke maƙale a hannun wani babban injin mai juyawa, kuma bencinan ba sa tsayawa, domin ƙasan da ake takawa a hau ita ma tafiya take yi, don haka layi yana ta zuba babu yankewa. Flight of Passage kuwa tsarinsa irin na ɗakin kallo ne: a cika ɗaki, a ɗaure kowa a kan kujera mai kama da babur, a rufe ƙofa, a yi wasan na 'yan mintuna, a fitar da mutane, sannan a shigo da wasu. Duk wanda ya taɓa bin layin mai a gidan man da famfo ɗaya ne ke aiki ya san cewa tsawon layin ba shaidar kyawun man ba ne. A kan wannan kuma akwai masu biyan ƙarin kuɗi su tsallake layi, wanda Disney ke kira Lightning Lane, Universal kuma Express Pass, kuma duk mutum ɗaya da ya wuce ta wannan ƙofa ya ƙara wa na layin gama-gari jira. Sannan akwai maƙwabta. Filin Animal Kingdom, inda Pandora take, ba shi da manyan abubuwan hawa da yawa, saboda haka jama'a suna taruwa a kan ɗaya. Hogwarts kuwa yana raba jama'a da jirgin Hagrid da VelociCoaster da Hulk da Spider-Man, duk a fili ɗaya. Darasin farko da na ɗauka ke nan, cewa mintunan da ke kan waya suna auna saurin inji da yawan zaɓi fiye da yadda suke auna soyayya.

Daga nan na koma ga adadin masu shiga. Disney da Universal ba sa bayyana yawan mutanen da ke shiga kowane fili, don haka kowa yana dogara ne da ƙiyasin shekara-shekara na ƙungiyar masu wannan sana'a da ake kira TEA. A ƙiyasin nan, filin Islands of Adventure na Universal, inda aka buɗe sashen Harry Potter na farko, ya karɓi kimanin mutum miliyan 4.6 a 2009, da Harry Potter ya zo sai adadin ya koma miliyan 5.9 a 2010, ya kuma kai kusan miliyan 7.7 a 2011. Animal Kingdom ya tashi daga kimanin miliyan 10.8 a 2016 zuwa miliyan 12.5 a shekarar da aka buɗe Pandora. Na Star Wars ne ya zo da ba-zata: a zangon watanni ukun da aka buɗe Galaxy's Edge na farko, a filin Disney na Kalifoniya, Disney da kansa ya sanar cewa masu shiga filayensa na cikin Amurka sun ragu da kashi 3 cikin ɗari. Sai dai a nan ma akwai buƙatar taka-tsantsan. Shekarar 2009 shekarar matsin tattalin arziki ce a Amurka, don haka Harry Potter ya tarar da fili a ƙasa, kuma tashi daga ƙasa ya fi fitowa fili. Galaxy's Edge kuwa an buɗe shi da abin hawa ɗaya tak, mutane da yawa sun ɗage tafiyarsu don tsoron cunkoso, babban abin hawansa, wato Rise of the Resistance, bai fara aiki a Fulorida ba sai Disamban 2019, kuma bayan wata uku annobar korona ta rufe filayen duka. Bai taɓa samun cikakkiyar shekarar farko da za a yi masa adalci da ita ba. Haka kuma ba a iya kafa hujja da cewa Disney ya fi Universal jama'a, domin filin Magic Kingdom na Disney, wanda ya haura mutum miliyan 20 a 2019, bai dogara da ko ɗaya daga cikin labaran nan uku ba.

Abin da ya fi amfanata shi ne ajiye littafin da zama a gefe ina kallon abin da mutane ke yi idan ba sa cikin layi. Diagon Alley, sashen Harry Potter na biyu a Universal, wanda aka buɗe a Yulin 2014, ba shi da wata babbar ƙofa ko allo. Daga waje gine-ginen Landan ne kawai, sai mutum ya kutsa ta bayan wata katanga ta jan bulo da aka yi wa giɓi, sannan titin ya buɗe a gabansa, matsattse, gine-ginensa a karkace, a ƙarshensa ga dodo kwance a kan rufin banki yana fesa wutar gaske lokaci zuwa lokaci, har zafinta yakan daki fuska. Na tsaya kusa da giɓin nan na ɗan lokaci, na lura cewa kusan kowa yana cin birki idan ya shigo, har na bayansa ya yi karo da shi. 'Yata, wadda ba ta taɓa zuwa wurin ba, ta karɓe jagoranci ba tare da taswira ba. "Baba, shagon sanduna yana can ta dama, bari mu fara da shi kafin ya cika," in ji ta, kuma can ɗin yake. A cikin zafin Fulorida, wanda yake haɗe da gumi mai danƙo, na ga yara da manya sanye da baƙaƙen alkyabbu na 'yan makarantar, suna tsayawa a kan wasu alamomin tagulla da aka kafa a ƙasa, suna kaɗa sanda, na'urar da ke ɓoye a tagar shago tana gane motsin, sai ruwa ya tsinke ko fitila ta kama. Mafi yawansu suna riƙe da kofin Butterbeer, wani abin sha mai zaƙi da kumfa wanda babu barasa a cikinsa, kuma layinsa kaɗai ya isa a kira shi abin hawa.

Galaxy's Edge ya fi girma da ƙawa, domin faɗinsa eka 14 ne, kuma jirgin Millennium Falcon da aka girke a tsakiyarsa da cikakken girmansa abin kallo ne ko ga wanda bai san labarin ba. Nan kowa yake nufa da gudu ya ɗauki hoto. Amma bayan hoton na sha ganin mutane suna duba waya suna neman inda za su dosa, domin garin da aka gina, a wata duniya mai suna Batuu, ba ya cikin finafinan da suka taso suna kallo. Masu zanen sun zaɓi ƙirƙirar sabon wuri, suka ɗora shi a zamanin sababbin finafinan da Disney ya yi bayan ya sayi Lucasfilm, kamfanin da ya mallaki Star Wars, a 2012, don haka wanda ya zo da begen tsofaffin jaruman fim ɗin farko na 1977 ba su ne suka tarbe shi ba, kuma maimakon kiɗan da ya sani, ƙarar jirage da hayaniyar kasuwa yake ji. Ɗana ya fito daga Rise of the Resistance yana haki don murna, ya ce bai taɓa hawa irinsa ba, kuma a wannan na goyi bayansa, domin a ganina babu abin hawa a Orlando da ya kai shi dabara. Amma ba a jima ba ya ce mu tafi wani ɓangaren, alhali yayarsa ta yini a Diagon Alley, inda babban abin hawa ɗaya ne kawai, kuma sai da lallashi ta fito.

Pandora ta warware mini sauran. Na ɗan zanta da waɗanda muke layi tare, kuma kaɗan ne suka iya tuna sunan jarumin fim ɗin, duk da cewa Avatar na 2009 yana kan gaba a finafinan da suka fi tara kuɗi a tarihi. Sun zo ne don duwatsun da aka gina kamar suna shawagi a sama, da tsirran da ke haske da daddare, da kuma labarin da suka ji cewa abin hawan ya yi fice. Ashe kyawun aiki kaɗai yana iya cika layi ko da mutane ba su damu da labarin ba.

Ko wannan ma'auni na kallon mutane yana da nasa gibin, kuma dole in faɗa. Disney yana da dokar hana wanda ya kai shekara 14 sanya cikakkiyar shigar jaruman fim a filayensa, yayin da alkyabbar Hogwarts ba ta da wannan shamaki, don haka ƙirga tufafi yana zaluntar Star Wars. Takobin haske da ake harhaɗawa a wani shago na musamman ya fara ne a kan kusan dala 200, sanda kuwa ba ta kai ko rabin haka ba. Otal ɗin Star Wars mai ɗaki 100 da aka buɗe a Maris 2022 aka rufe a Satumban 2023, wanda wasu ke kafa hujja da shi, ya riƙa karɓar kusan dala 5,000 ga mutum biyu a kwana biyu, kuma wannan ya fi nuna iyakar aljihu a kan iyakar ƙauna.

Duk da haka hukuncina yana tare da Harry Potter, kuma hujjar da na fi yarda da ita ita ce inda kuɗi ke komawa. Jirgin ƙasan Hogwarts Express yana haɗa filayen Universal biyu, ba a hawansa sai da tikitin shiga duka biyun, wanda ya fi tsada, kuma na ga tasharsa cike. Universal, wanda hayar haƙƙin labarin yake yi ba mallakarsa ba ne, ya sake gina shi a Osaka a 2014, da Hollywood a 2016, da Beijing a 2021, alhali Galaxy's Edge yana wuri biyu ne kawai. A sabon filin Universal mai suna Epic Universe da aka buɗe a Mayun 2025 an yi wa Harry Potter sashe na uku a Orlando, kuma tsarinsa ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan abin da na gani a bakin giɓin katangar nan. Titunansa na birnin Paris ne na shekarun 1920, daga finafinan baya-bayan nan na duniyar Harry Potter waɗanda ba su samu karɓuwar na asali ba, amma babban abin hawansa yana ɗauke mutum daga Paris ya mayar da shi Landan, cikin ma'aikatar sihirin da masu karatu suka riga suka sani, tare da jaruman nan uku, Harry da Ron da Hermione, da suka girma da su.