Abin da agogo ya koya mini a bakin filin tseren keke

Watan farko da na fara koyon aikin horar da masu tseren keke, ba a ba ni komai ba sai agogon awon lokaci, biro da takarda. Aikina in tsaya a bakin fili, duk sa'ad da 'yar tserenmu ta wuce layi in danna agogo in rubuta. A zuciyata na raina aikin. Me za a koya a danna maɓalli sau goma sha biyu?

Tseren da muke shiryawa shi ne wanda nake kira tseren kora. Mata biyu ne kawai a fili mai tsawon mita 250, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan, a sake su lokaci guda. A karawar ƙarshe, wadda ta kamo abokiyar karawarta ta gama da ita, in ba a kamo kowa ba kuma agogo ya raba gardama. A lokacin kilomita 3 mata suke yi, wato zagaye 12. Keken ba shi da birki, giyarsa ɗaya ce, kuma muddin taya na juyawa dole ƙafa ta juya. Babu wadda za ki laɓe a bayanta ta kare miki iska.

Kuskurena na farko ya zo ne a wani gwaji. Mai horarwa ya tsara wa 'yar tserenmu lokacin kowane zagaye tun kafin ta hau keke, ya ce in riƙa sanar da ita inda take. A zagaye na biyu da na uku ta riga jadawalin da kusan rabin daƙiƙa kowanne. Murna ta kama ni, na shiga ɗaga murya ina cewa ta ƙara wuta. Ta kuwa ƙara. Daga zagaye na takwas kafaɗunta suka fara rawa, keken ya fara barin baƙin layin nan na ƙasa, wanda shi ne hanya mafi gajarta, yana hawa sama. Zagaye biyun ƙarshe kamar a cikin yashi take tuƙi.

Bai yi mini faɗa ba, kuma hakan ya fi zafi. Takardata ya miƙo mini.

"Karanta mini lambobin nan daga sama zuwa ƙasa."

"Malam, ai da farko ta yi kyau."

"Bashi ta ci da farko. Ke kuma kika tsaya mata."

Da na lissafa, abin da ta samu a farkon bai kai rabin abin da ta zubar a ƙarshen ba. Sauri ya haifi nawa, kuma dalilinsa a fili yake. Mafi yawan ƙarfin mai keke a wannan gudun yana tafiya ne wajen ture iska, kuma ɗan ƙarin gudu yana cin ƙarfi fiye da kima. Jiki kuwa yana da wani ɗan tanadi da yake ƙonawa idan an wuce abin da numfashi zai iya ɗauka, kuma ba ya dawowa a tsakiyar tsere.

Tun daga nan na daina kallon lokacin ƙarshe shi kaɗai. A Berlin a 2020, Chloé Dygert ta Amurka ta karya tarihin duniya, ta yi kilomita 3 cikin minti 3 da daƙiƙa 16.937. In aka raba, kowane zagaye bai kai daƙiƙa 16 da rabi ba, gudun kusan kilomita 55 a awa, kuma daga tsaye cik ta tashi. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru a Denmak a 2024. Dygert ta sake karya tarihin duniya a zagayen share fage, sai ga Anna Morris ta Birtaniya ta doke ta a karawar ƙarshe a ranar. Tsere biyu ake yi a yini ɗaya, kuma jadawalin safe dole ya san da zuwan na yamma.

Wani abin takaici shi ne an cire wannan tsere daga gasar Olamfik bayan 2008, shekarar da Rebecca Romero ta ci zinare, ita da ta ci azurfa a tseren kwale-kwale shekara huɗu kafin nan. A ganina an yi asara. Tun 1958 mata suke fafatawa a kansa a gasar duniya, kuma a nan Beryl Burton ta ci kambu har sau biyar.

A 2025 hukumar tseren keke ta duniya ta mayar da na mata kilomita 4 kamar na maza, zagaye 16. Duk jadawalan da na tara suka zama tsohon zance. Makon da ya wuce na tsara wa wata sabuwar yarinya nata, na rage mata gudun farko har ta ɓata rai. A zagaye na uku ta riga jadawalin duk da haka. Na ja da baya taki ɗaya daga layi, na sauke tafin hannuna ƙasa don ta gani.