Abin da rage tsawon bodin Hilux ya koya mini a garejinmu na Gombe

Duk direban da ya saba bin hanyoyin gonaki a bayan Dadin Kowa ko a gefen tsaunukan Tula da damina ya san inda a-kori-kura take yawan maƙalewa. Tayoyin gaba sukan gangara kwazazzabo su haye ɗaya gefen lafiya, amma da zarar na baya sun sauka cikin ramin, sai gindin motar ya zauna a kan gaɓa, tayoyin su yi ta juyawa a banza. Ƙasar Gombe tana fama da zaizaya, kuma kowace damina ruwa yana ƙara zurfafa waɗannan kwazazzabai, saboda haka ban yi mamaki ba da wani Alhaji manomi ya kawo tsohuwar Hilux ɗinsa garejin da nake aikin walda, yana so a rage mata tsawon bodin baya, a kuma sa mata manyan tayoyi.

Lissafin abin ba shi da wuya. Daga inda tayar baya ta taɓa ƙasa zuwa ƙarshen bamba mun sami kimanin santimita 120, tsayin bambar daga ƙasa kuwa santimita 45, wanda ke nufin gindin motar zai taɓa ƙasa a duk gangaren da ya wuce kimanin digiri 20. Idan aka rage santimita 30 daga wannan wutsiya, kusurwar tana kaiwa kusan digiri 27, kuma wannan bambanci shi ne ke raba motar da ta haye da wadda ake nema wa tarakta ta jawo ta. Alhaji ya so a yanke fiye da rabin mita. Maigidana bai ce masa komai ba sai da ya sa na shiga ƙarƙashin motar da tef da alli, na yi alama a inda ƙarshen sifirin ɗin baya yake rataye a jikin shasi. Sannan ya ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, daga wannan alamar zuwa baya namu ne, daga nan zuwa gaba kuwa na sifirin ne, kuma idan muka taɓa shi to aikin ya zama wani daban." A nan na fahimci cewa abin da ke ƙarƙashin bodi shi ne ke yanke hukuncin inda giranda za ta bi. Maratayin sifirin, ƙarfen da ya haɗa ƙafafun shasi biyu a can baya, mazaunin safaya, bakin salansa da wayoyin fitilu duk suna cunkushe a wannan ɗan wuri, kuma kowanne sai an san inda zai koma tun kafin a kunna janareta.

Mun cire kan batir, mun sauke tankin mai mun kai shi nesa da tartsatsi, sannan muka ɗaga bodin muka ɗora shi a kan gammon katako a wuri mai daidaito.

Kafin yanka, maigida ya sa an ɗinka ƙarfen angil a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa a cikin bodin. Dalili shi ne, bodin da kamfani ya matse ya haɗa yana riƙe da kansa kamar ƙwarya, wadda idan aka tsaga ta bakinta yake buɗewa, ba kuma ya komawa yadda yake sai da ƙyar. Mun auna giciye biyun muka rubuta, domin bayan haɗawa dole su sake zama daidai da juna, in ba haka ba ƙofar baya ba za ta rufu ba. Yankin da muka cire yana tsakanin madigadi da bangon baya, ta yadda mazaunin fitilu da maƙalan ƙofa suka tsira yadda suke, aka turo su gaba kawai. A nan wani abu ya bayyana wanda ido ba ya gani idan mota tana tsaye: gefen bodin yana ɗan tsukewa yayin da yake tafiya baya, don haka bakunan biyu ba su haɗu cif ba. Sai da aka bi da guduma da ƙarfen tokare a hankali har layukan jikin falankin ƙarfen bodin suka fuskanci juna.

Waldar kanta ita ce ta fi cin lokaci da haƙuri. Falankin bodi bai kai kaurin milimita 2 ba, kuma idan aka ja masa wuta a layi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, zafi yana sa shi ya kumbura ya murɗe, ko ma ya huje. Abin da ake yi shi ne ɗigo: a ɗiga nan, a tsallaka tazarar tafin hannu a ɗiga can, a koma ɗaya gefen, a jira har mutum ya iya ɗora hannu a wurin, sannan a dawo a cike tsakani. Na san masu walda da yawa da ke gaggauta wannan mataki su rufe aibin da fila mai kauri kafin fenti, kuma a ganina wannan cin amanar mai mota ne, domin fila ba ta jure girgizar hanyar gona, cikin damina ɗaya take tsagewa ruwa ya shiga tsatsa ta kama. Bayan mun gama mun goge, mun shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje, mun kuma huda ƙananan ramuka a kusurwoyin daɓen don ruwa ya riƙa fita, musamman da yake motar za ta ɗauki taki, shi kuwa taki yana cin ƙarfe da sauri idan ya sami danshi.

Darasin da ya fi zauna mini ya zo ne lokacin mayar da bodin. Alhaji ya nemi a walde shi da shasi gaba ɗaya don kada ya riƙa ƙara a hanya, kuma maganarsa tana da ma'ana ga wanda ya gaji da ƙarar ƙarafa. Maigida ya sa aka hau da tayar gaba ɗaya kan tudun ƙasa da ke bakin gareji, sauran ukun suna ƙasa, ya kira mu mu duba ratar da ke tsakanin kan motar, wato inda direba yake zama, da bodi. A gefe ɗaya ratar ta buɗe, a ɗaya gefen ta matse, layin bodin kuma ya kauce wa layin kan motar ƙarara. Shasin irin waɗannan motoci an yi shi ne ya riƙa murɗawa kaɗan ya dawo, shi ya sa kamfani yake raba kai da bodi, yake kuma ɗaure bodin da noti. Idan aka walde su wuri ɗaya, murɗawar ba ta gushewa, tana taruwa ne a bakin waldar har ta tsaga shasin a wurin da zafi ya riga ya raunana. Saboda wannan dalili ne ma ba a jan walda a gicciye a leɓen shasi na sama ko na ƙasa, ba a kuma huda shi a nan, domin su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Sababbin mazaunai biyu da muka yi a baya mun ɗaure su ne a bangon shasin, muka sa roba mai kauri tsakaninsu da bodi. Tun daga ranar na daina auna aikin motar daji a kan siminti kaɗai. A wannan tudun ne kuma muka ga cewa sabuwar tayar baya tana kusan gogar madigadi idan sifirin ya matse, muka ƙara buɗe shi tun kafin fenti.

Akwai abin da aka rasa, kuma wajibi ne mai walda ya faɗa wa mai mota tun da wuri. Safaya ba ta da sauran wuri a ƙarƙashi, don haka muka tsayar da ita a cikin bodi a jingine da bangon gaba, wanda ya ƙara cinye wurin kaya a kan wanda aka yanke. Buhunan taki masu kilo 50 da motar take ɗauka sun ragu, kuma na roƙi Alhaji kada yaransa su rama ta hanyar tula kaya sama, domin mota mai manyan tayoyi da dogon lodi tana saurin kifewa a gefen tudu. Amfanin da aka samu shi ne nauyin ya koma kan aksul da gabansa, inda ya kamata ya zauna. Mun mayar da fitilun birki da na sigina da lambar mota inda za a gan su sosai, ba mu kuma kusanci inda aka buga lambar shasi ba, saboda jami'an duba motoci da na Hukumar Kiyaye Haɗura da ita suke gwada takardu. Sharaɗin da maigida ya gindaya masa shi ne ya dawo da motar bayan zuwansa gona na farko, a sake ɗaure notocin bodi tunda sabuwar roba tana kwantawa, a kuma bi layin waldar da fitila ko akwai tsaga.