Rufaffen batir a tsohuwar mota da tarakta: auna caji kafin ka ɗaura

Ina ɗaura rufaffen batir, irin wanda ba a ƙara masa ruwa, a tsofaffin motoci da taraktoci, kuma ina son shi don yana jure jijjigar gona, ba ya zubar da asid ya cinye mazauninsa. Amma ba na ɗaura shi sai na auna abin da injin ke ba shi.

Tsohon inji mai dainamo da tsohuwar regulato, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, yakan tura wuta fiye da kima. Batirin ruwa yana jurewa: ruwansa ya ragu, ka ƙara. Rufaffen kuwa idan caji ya yi yawa, iskar da ke cikinsa ta ɗan bawul take fita, ruwan da ya tafi ya tafi ke nan. Sai ka ga gefensa ya kumbura, yana zafi, ƙarfinsa na raguwa.

Don haka ina tayar da injin, in ɗan taka totur, in kunna fitilu, in ɗora mita a kan batirin. A batir mai volt 12 nau'in AGM, wanda asid ɗinsa ke jiƙe a cikin shimfiɗar zaren gilashi, ina neman 14.2 zuwa 14.7. Mai jel, wanda asid ɗinsa ya yi kauri kamar kunu, bai kai shi jure caji ba, ba na bari ya haura 14.2. Da na ga mita ta doshi 15, sai an gyara regulato ko an canza ta da ta zamani. Inji mai volt 6 kuwa, rabin waɗannan lambobin ne. A kula, wasu tsofaffin taraktoci, kamar Ford 8N, fosatib ɗinsu ne ke manne da jikin inji; wanda ya juya wayoyin zai iya ƙona regulato.

Wajen caji a ƙasa, na fi tsoron tsohuwar caja mai nauyi wadda ba ta yankewa da kanta, don tana iya hawa har 16 idan aka bar ta ta kwana. Caja mai yanke kanta nake amfani da ita, amfiya 10 ga batir mai 100Ah, sannan ta sauka ta tsaya a 13.6. Idan jikin batirin ya yi zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba, ina cirewa nan take. Wanda ya faɗi ƙasa da 10.5, wata cajar ba ta ma ganinsa; sai in haɗa shi da lafiyayyen batir, fosatib da fosatib, negatib da negatib, in jona cajar na kamar awa ɗaya, in cire lafiyayyen, cajar ta ci gaba.

Zama ne ya fi kashe batirin tarakta. Idan aiki ya ƙare, ina cika shi, in kwance wayar da ke manne da jikin inji, in ajiye shi a inuwa. Cikakke yana nuna 12.8 bayan ya huta. Kowane wata ina aunawa, da ya sauka 12.4 sai caji, kafin farin gishirin salfet ya daskare a farantansa.